Katakon Ramin Gareji

Ruwan ya ɗauke tun azahar, amma sararin sama bai saki fuska ba. Titin da ke gaban garejin ya zama kogi, jajawur, yana jan robobi da takalman da ba a san masu su ba. Bakaniken yana tsaye a tsallake, a rumfar mai walda inda ruwan ya tare shi, yana kallon wurin aikinsa. Ruwa ya shafe daɓen garejin gaba ɗaya, ya kwanta luf kamar an shimfiɗa tabarma.

Mai walda sai tsiya yake masa, wai ango ya ƙagu ne don an hana shi abincin amarya. Ya yi murmushi. Gaskiya ne. Kullum ita ke kawo masa, ga cikinta ya tsufa, ya hana ta ya gaji. Takan ratsa ta tsakiyar garejin, ta bi ta kan katakon da ke rufe ramin da yake shiga don duba ƙarƙashin mota, tana cewa, "Injiniya, fito ka wanke hannu."

Murmushin ya mutu a fuskarsa. Jiya da yamma shi da kansa ya kwashe katakon, ya kai gida ya shimfiɗa mata a kan kwatar ƙofarsu don kada santsi ya kayar da ita. Har ta yi masa godiya da irin kallon nan nata. Bai faɗa mata inda ya samo su ba. Ramin ya fi tsayinsa zurfi.

Sai ga lemarta shuɗiya ta ɓullo daga lungu, a can ɓangaren garejin.

Ya ƙwala mata kira, rurin ruwan ya haɗiye muryar. Ya zura ƙafa cikin titin, mai walda ya damƙo rigarsa. "Kai, ɗan'uwa, wannan ruwan ko jaki ba zai bari ba."

Ta shiga garejin, ruwa iya ƙaurinta, kwanon abinci a hannu, tana tafiya a hankali irin ta mai ciki, kai tsaye.

Akwai wata ƙa'ida tsakaninsu: idan ya ɗaga mota a kan jak, yakan buga ƙarfe, ita kuma ta tsaya inda take har ya ce ta taho. Ya fizgi gudumar mai walda ya maka wa wata tsohuwar ganga, ya sake, ya sake, har kafaɗarsa ta amsa.

Ta tsaya. Amma ba ta waiwayo ba. Cikin garejin take leƙe, tana neman motar da babu, tana nemansa. Ya ga ta rufe lemar, ta miƙa tsininta gaba za ta dogara. Lemar ta nutse har mariƙi. Ta yi tangaɗi, kwanon ya suɓuce, ruwan ya rufe a kansa ba ko ƙara.

A hankali ta ja da baya, hannunta a kan cikinta. Sai a lokacin ta juyo, idonta ya sauka a kansa.

Can sama aka yi rugugi. Ɗigon farko ya faɗo a kan gangar, shi kuwa bai iya ajiye gudumar ba.