Motar da Ta Rage a Semarang

Motar asibiti ɗaya ta rage wa ɗakin karɓar kiran gaggawa na birnin Semarang a Indonesiya, sauran duk ambaliya ta riƙe su a hanya. Retno ce kan waya, ita ke raba wanda za a tura wa mota da wanda zai je asibitin unguwa.

Ɗan wani mai unguwa ya fara kira, mahaifinsa ya gurɗe ƙafa.

"Yana iya taka ta, Pak?" in ji Retno. Pak a can kamar a ce Malam ne.

"Yana iyawa. Ke dai turo mota. Kin san da wa kike magana?"

"Na sani. Ku kai shi asibitin unguwa a ɗaure masa."

Ya zage ta tas, ya ce aikinta ya ƙare. Ta saurara har ya gama, ta yi masa godiya.

Sai ga kiran wata dattijuwa, Bu Sumiyati, wato Mama Sumiyati.

"Yarinya, ba mota nake so ba, nas za ki turo. Sanyi ne ya shigi maigidana, Pak Darmo. Tun safe nake kankare masa baya da kwabo da man zafi, ya yi ja wur, amma sanyin ya ƙi fita."

"Ina yake jin ciwon, Bu?"

"Ƙirji, kamar an ɗora masa buhun shinkafa. Har hannun hagu. Ga gumi sharkaf."

Retno ta san wannan sanyin. Kakanta ma ana cikin kankare masa baya ya cika.

"Bu, zuciya ce. Ajiye kwabon, ki zaunar da shi, kada ya yi tafiya. Mota na zuwa."

"Da jiniya a lungunmu? Ai maƙwabta sai su fara jera kujerun makoki."

"Su jera, Bu. Idan ya dawo sai su kwashe abinsu."

Dattijuwar ta ce to. Retno ta gaya wa Yanto direba ya kashe jiniya a bakin lungun, ya wuce da Pak Darmo babban asibitin zuciya kai tsaye.

Da la'asar Yanto ya bugo.

"An buɗe masa jijiyar da ta toshe. Tsohon naki har ya fara rigimar a ba shi kofi."

Tana ajiye wayar shugabanta ya leƙo, ya ce ɗan mai unguwa ya kai ƙararta, gobe ana nemanta a ofis.

"Zan zo, Pak," in ji ta. "A kunna musu kiran biyu su ji."

Wayar ta sake ƙara, ta ɗauka.