Minti Shida a Barandar Asibiti

Mai gyaran agogo, wanda 'yan layinsu ke kira Lallaɓa, ya shekara arba'in da bakwai ƙashinsa na karyewa kamar busasshen kara. Likita ta ce ciwon gado ne, jikinsa ba ya yin sinadarin da ke sa ƙashi ƙwari. Ta ɗora shi kan allurar da ke maye gurbin sinadarin, sau uku a mako.

Allura ta karɓe shi, nan kuma matsalar take. A hawa na uku suke zaune, kuma tun aurensu matarsa ke hawo da ruwa da cefane da tukunyar gas, shi yana kan kujera yana ba da shawara. Wa zai saki wannan sarauta? Gogan naka ya ɓoye mata sauƙin da ya samu. A bakin shago yana tsallake kwata, da ya shigo layi sai ya dafa sanda ya hau nishi. Ni dai ban taɓa ganin marar kunya irinsa ba.

Bayan wata shida matar ta raka shi awo. Likita ta nuna masa baranda.

"Malam, minti shida za ka yi kana kai da kawo. In ba ka fi wanda ka yi kafin fara allura nisa ba, maganin bai yi maka ba ke nan, sai mu tsayar."

Ya dubi matarsa, ya tuno ciwon da ke hana shi ko juyi a gado. Ya fara da ɗingishi don fita kunya. A minti na biyu tsoro ya ci ƙarfinsa, ya jingine sanda ya zuba sauri, har wata nas ta kauce masa.

Da ya tsaya yana haki, ya sunkuyar da kai yana jiran ruwan masifa. Sai ya ga matarsa kuka take, na murna, har da shessheƙa.

A hanyar gida ya yi gaba abinsa. Can ya ji muryarta a baya.

"Baban yara, dakata mini. Gwiwar nan ba ta son sauri."

"Gwiwa kuma? Tun yaushe?"

"Ta kai shekara tara. Wa zan gaya wa, kai kana fama da naka?"

Kunya ta rufe shi. Ya dawo ya tsaya kusa da ita, ya miƙa mata sandarsa.