Gyaran da Na Yi wa Yelwa

Shekara tara ke nan, amma wallahi har yau in na ɗauki jan biro sai gabana ya faɗi.

Lokacin ina koyar da Turanci a ajin matan aure a Ƙofar Wambai. Ina da shegen tsanani, ba na barin kuskure ya kwana a littafin kowa. Tsarina shi ne in kawo kalmomi biyu masu kama da juna, kowace ɗaliba ta yi jimla daga rayuwarta, ban da ƙage. Wata rana na kawo "lost" da "missing". Na ce ta farko abu ne ya salwanta an haƙura, ta biyu kuwa ba a gan shi ba, amma ana nema, ana sa rai.

Yelwa, wata shiru-shiru mai sayar da ƙuli-ƙuli, ta rubuta cewa mijinta "lost". Na tambaye ta ko an ga gawa. Ta ce a'a, direba ne, sunansa Hammawa, ya ɗauki lodin masara daga Miri shekara huɗu baya, daga shi har motar babu labari. Ni kuwa uwar iyayi na soke kalmar da ja, na rubuta "missing" a sama, har da cewa ta riƙa lura. Ta daɗe tana kallon shafin.

Ashe a makon ne yayyenta za su raka ta wurin alƙali a yanke cewa Hammawa ya rasu, ta yi takaba ta huta. Da kyar suka shawo kanta. Ta koma gida ta ce ta fasa, ai malamarsu mai ilimi ta ce ana sa rai.

Sai bayan wata uku na ji. Na je har gida na ce mata Turanci kawai na gyara, ban san gaibu ba. Murmushi ta yi, ta kawo mini ruwa.

Jiya na gan ta a bakin titi wajen Shadawanka, ta rame, furfura ta fito, tana bin kowace babbar mota da ido. Kunya da tsoro suka kama ni, na so in ɓuya, amma ta riga ta gan ni. Ta riƙe hannuna, nata sanyi ƙalau.

"Malama, Allah ya saka miki da alheri," in ji ta. "Duk garin nan ke kaɗai ce ba ki kashe mini shi ba."