Rediyoyin da Ba a Zo Karɓa Ba

Shekara talatin Baba ya yi yana gyaran rediyo, kuma ranar da ya rufe shago bai dawo gida hannu biyu ba. Rediyo sittin da huɗu ya kwaso, waɗanda aka kawo gyara ba a dawo karɓa ba. Ya jibge su a lungun da ke tsakanin ɗakin Mama da baranda, kowanne da 'yar takarda ɗaure a jikinsa: "na mai wanki", "na direba mai gemu", "na malamar asibiti". Da ma lungun ba wani faɗi gare shi ba, sai muka koyi tafiya a karkace.

Haka muke har aka yi wa Mama aiki a gwiwa. Likita ya ce ta riƙa takawa kullum da ƙarfen nan mai ƙafa huɗu, in ba haka ba ƙafar za ta sandare. Ƙarfen kuwa ya ƙi shiga lungu. Kwana tara tana zagaye gado, har ta fara cewa a ƙyale ta ta huta. Gaskiya na tsorata.

"Baba, a fitar da tarkacen nan," na ce.

"Ba tarkace ba ne, amana ce. In mai shi ya zo, me zan ce masa?"

"Shekara nawa ke nan, Baba?"

"Ko ɗari ce, kayan mutane ne."

Taurin kaina a wurinsa na gado, don haka ban ja da shi ba. Na ce to, tunda ba su zo ba, mu sai mu je. Washegari muka ɗauki na mai wanki, don shi kaɗai muka san inda yake.

Muka tarar yana guga. Baba ya ajiye masa rediyon a kan tebur, yana ta ba da haƙurin jinkiri. Mai wanki ya dubi rediyon, ya sosa ƙeya.

"Malam, ni ya kamata in ba ka haƙuri. Ba mantawa na yi ba. Na marigayi mahaifina ne, na kasa jefarwa, ɗakina kuma ba wuri. Na san in na kai maka za ka adana."

"Wato ba gyara ka kawo ba?"

"Lafiyarsa ƙalau, Malam. Kuma ba ni kaɗai nake yi maka haka ba."

Muka juyo gida. Sai da muka iso ƙofar gida ya tsaya, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ashe ni ne jujin unguwa, ina ta gadi."

A ranar ya kira wani mai gyara da ke bayan kasuwa, ya ce ya zo da kura ya kwashe, kyauta. Muka share, muka goge. Baba yana fito yana wanke bango, sai ka ce an sauke masa kaya daga ka.

Da yamma Mama ta turo ƙarfenta cikin lungu. Taku ɗaya, ta huta, ta ƙara. Baba yana gabanta yana ja da baya, hannuwansa a miƙe ko za ta faɗi. Da suka kai tsakiya ta ɗaga kai ta dube shi.

"Malam, matsa mini mana. Kai kaɗai ka rage a hanya."

Ya jingina da bango yana share ido da bakin riga, ita kuma ta wuce.