Duro Biyun Dabo

A shekarar farin 1973 ne kuɗin fetur ya cika hanyar Birnin Kudu da manyan motoci, rijiyoyi kuwa suka yi ƙasa. Dabo, mai wankin mota da kayan inji a bayan tasha, shi ne abin ya ritsa da shi a tsakiya. Kafin hantsi yakan gama janye ruwan rijiyar unguwa, mata su zo su tarar da laka. Suka kai ƙara wurin mai unguwa Barau, kuma gaskiyarsu ce.

"Duro biyu a rana," in ji Barau. "Ka ƙara ko guga ɗaya, ka tashi daga wurin."

Mota ɗaya kan sha duro da rabi. Dabo ya tsorata ƙwarai, don shekara tara ke nan wannan ɗan filin yana ci da gidansa. Amma mutum ne mai taurin kai, irin wanda in an ce ya sauka daga jaki sai ya gyara zama. Ya daɓe wurin wankin da siminti, ya yi masa gangare zuwa wani rami, ya ce ruwan da ya wanke motar safe shi zai wanke ta rana.

Ya huda gindin wani duro, ya cika shi da yashi, ya juye ruwan ramin. Kwana ɗaya abin ya yi aiki. Washegari baƙin mai ya liƙe yashin, ko ɗigo bai fito ba. Ya sauya yashi har sau uku, direbobi suna ta wucewa.

Ana cikin haka yayarsa Hapsatu ta zo daga Gwaram da tulunan man gyaɗa. Shekara ashirin tana matsar ƙuli-ƙuli, kuma bakinta ba ya ragawa kowa. Ta leƙa duron, ta riƙe haɓa.

"Dabo, kai da mai kuke kwana ku tashi, amma ba ka san halinsa ba? Wa ya ce maka ana tace mai? Ƙyale shi ake yi ya taso, a yaɗe."

"Yaya, wannan na inji ne, ba na gyaɗa ba."

"Duk mai ne. Kawo mini ludayi."

Ta sa ya zuba ruwan a duro ya bar shi ya huta. Da la'asar laka ta kwanta a ƙasa, mai ya taru a sama. Ta yaɗe shi tas, kamar mai kwashe kumfar miya. Dabo ya ji kunya, ya kuma ji daɗin da ya daɗe bai ji ba. Ya huda duron a tsakiyar cikinsa, inda babu laka babu mai, ya sa bututu zuwa duro na biyu. A nan ya jera tsakuwa da gawayi da yashi, ya shimfiɗa buhu a kai. Ruwan ya fito garau, sai ɗan warin sabulu. Ya shafa wa duron jan fenti don kada wani direba ya yi alwala da ruwansa.

Cikin mako guda yana wanke mota biyar a rana. Wannan ne ya jawo masa sabuwar magana, aka ce lallai satar ruwa yake yi. Barau ya zo da kansa tun da safe, ya zauna a kan tsohuwar taya, ya ce a yi aikin a gabansa.

Dabo ya ja duro biyu kowa na gani. Ya wanke mota, ya kwashe ruwan ramin, ya jira, ya yaɗe, ya tace. Ya wanke ta biyu da ta uku. Zuwa azahar bai ci ko rabin duro na biyun da ya ja ba. Barau ya tsoma hannu a ruwan tacen, ya shinshina.

"Ban ga sata ba," ya ce. "Wurinka naka ne."

Dabo ya durƙusa zai yi godiya, Barau ya ɗaga hannu.

"Amma rijiyar ta ƙara yin ƙasa, Dabo. Tunda ka iya wannan, daga gobe duro ɗaya."

Dabo ya dubi ramin, ya dubi ruwan da ke tsiyaya ta wata tsaga a daɓen yana shiga ƙasa, wanda a da bai damu da shi ba. Ransa ya ɓaci, amma bai yi musu ba.

"To, ranka ya daɗe," ya ce. Ya miƙe ya shiga rumfa neman ragowar siminti.