Bel ɗin Kujerar Baya

Mai kemis ɗin da ke kwanar asibiti mutum ne mai sanyin hali a komai ban da mota. Yakan tsaya ya yi ta maimaita wa tsohuwa yadda za ta sha maganin tari bai ɗaga murya ba, amma da ya ji ƙugin inji a titi sai ka ga ya saki zancen, wuyansa ya bi ƙarar har ta ɓace. Don haka ranar da ya shigo layinsu da wata baƙar mota mai ƙasa-ƙasa, mai bututun hayaƙi biyu, ba wanda ya yi mamaki. Matarsa ce kawai ta tsaya a bakin get ta riƙe ƙugu.

"Baban Auta, wannan abin da cikinsa ke jan ƙasa, ta ina zai bi ramukan layinmu?"

"Ta hannu ce, amma kamar sabuwa," in ji shi, yana shafa mata fenti. "Dillalin ya ce ba a taɓa buɗe injinta ba."

"Dillali kuwa ai ba ya ƙarya," ta ce, ta koma kicin.

A bakin gaskiya motar ba ta ba shi kunya ba. Abokansa sun yi ta tsorata shi cewa irin waɗannan masu gudun tsiya ba a sayensu na hannu, wai masu su na farko sun riga sun tsotse musu rai. Amma wannan ko tari ba ta yi. Da safe taɓawa ɗaya take tashi, ba ta shan baƙin mai, ba ta zafi. Birkinta kuwa shi ne abin alfaharinsa, don in ya taka shi tsayawa take cak kamar an dafe ta da hannu.

Abu ɗaya ne ya dame shi. Duk lokacin da ya hau babban titi ya ba ta wuta, sai ƙararrawar bel ta fara kaɗawa, wata 'yar jar fitila ta kama a gabansa tana nuna akwai mutum a kujerar baya, ɓangaren dama, bai ɗaura bel ba. Yakan ɗaga ido ya dubi madubi, ba kowa sai fatar kujera.

Sai ya yi dabara irin ta direbobi: ya jawo bel ɗin kujerar ya maƙala shi a kan iska. Ƙararrawa ta yi shiru, ya ji daɗin wayonsa. Washegari yana cikin gudu ya ji "ƙyas" a bayansa, sannan sululun bel yana komawa mazauninsa, ƙararrawa ta dawo. Ya sake maƙalawa, ya ja da ƙarfi ya tabbatar ya kama. Haka dai. In yana tafiya a hankali cikin gari lafiya lau, da ya take totur sai a buɗe.

Ya kai ta wurin bakanikensa na tun tsohuwar motarsa, ya ce a yanke wayar kawai kowa ya huta. Bakaniken ya cire kujerar baya, ya ɗaga kafet, sai ya ƙura wa ƙasan motar ido. Mai kemis ya matso kusa.

"Likita, zo ka gani," in ji bakaniken, don haka kowa ke kiransa.

Wani layin walda ne ya ratsa ƙasan motar daga wannan ƙofa zuwa waccan, an goge shi an shafe da baƙin fenti.

"Mota biyu ka saya a kuɗin ɗaya. Gaban na wata ne da aka daka ta baya, bayan na wata ne da gabanta ya tafi. Masu gyaran jiki suka haɗa su, kuma wallahi sun iya aiki."

Mai kemis ya ce, "To, yanke wayar dai."

Bakaniken ya ɗago wata 'yar igiyar wayoyi da aka naɗe bakinta da salatif. "Ga ta nan, Likita. A yanke take tun ranar da aka raba motar. Ba a jona ta da komai ba."

"To me ke kaɗa ƙararrawar?"

Bakaniken ya sake sunkuyawa. Ya sa hannu a lungun da kujerar ta rufe, ya zaro guntun tsohon bel da aka bari maƙale da ƙusarsa. Bakinsa ba tsinkewa ya yi ba, yankan wuƙa ne, an yi ta gurzawa cikin gaggawa. Gefe ɗaya ya ƙone ya dunƙule.

"Wanda ya zauna nan bai samu bel ɗin ya buɗu ba," bakaniken ya ce a hankali. "Sai da aka yanka. Ko an yanka a kan lokaci, Allah masani. Ni dai da tawa ce, ba zan sa kowa a baya ba."

Mai kemis ya ji tsoro, ba na wasa ba. Amma son abu mugun ciwo ne da ba shi da magani ko a kantinsa. Kafin ya isa gida ya gama lallashin kansa: waldar ta yi kyau, shi kaɗai yake shiga, Auta motar makaranta ke ɗaukarta. Kuma in ya faɗa wa matarsa, har ya tsufa ba zai daina jin "dillali ba ya ƙarya" ba. Sai ya ja bakinsa ya yi gum.

Ran Asabar da hantsi matarsa ta fito da yarinyar an yi mata kwalliya, da kiret ɗin ƙwai a hannu.

"Kakarta ta matsa a kai mata ita. Tsohuwar motar ta ƙi tashi, ga taka mai lafiya."

Kafin ya yi magana Auta ta buɗe ƙofar baya ta haye kujerar dama, don nan take zama a kowace mota, inda za ta riƙa ganin fuskar babanta a madubi. Ya buɗe baki zai ce ta matsa, sai ya ga matarsa tana kallonsa, kuma duk abin da zai faɗa sai an tambaye shi dalili. Ya sunkuya ya ɗaura wa yarinyar bel da kansa, ya ja, ya sake ja.

"Ki riƙe ƙwan kaka da hannu biyu, kin ji?"

"Na ji, Baba."

Ya yi niyyar tafiya a hankali, kuma a cikin gari ya cika alkawari. Amma babban titi ya buɗe fayau, rana na ƙyalli a kan kwalta, Auta na rera waƙar makaranta. Ƙafarsa ta yi abin da ta saba yi ba tare da ta nemi izininsa ba.

Ƙyas.

Ƙararrawa ta fara. Ya dubi madubi. Hannayen yarinyar biyu na kan kiret, ta rungume shi tsam. Bel ɗin na zamewa daga kafaɗarta a hankali, kamar wani ne ke janye mata shi don kada ya ji mata ciwo.

"Baba, ba ni na cire ba."

"Na sani, uwata. Kwanta a kan kujera. Saki ƙwan, kwanta."

A gabansa wata tirela ta rage gudu, motoci sun taru a bayanta. Ga birkin nan ƙarƙashin ƙafarsa, birkin da ya cika wa abokai kunne da shi, kuma ya san in ya taka shi yadda ya kamata motar za ta tsaya cak, yarinyar ce ba za ta tsaya ba. Ya ɗage ƙafa daga totur, ya sauke giya, injin ya yi kururuwa. Ya ɗan shafi birki, bai isa ba. Sai ya karkata sitiyari ya jingina gefen motar da ƙarfen bakin titi, ya danna ta a jiki. Fentin da yake gogewa kullum da tsumma mai laushi ya yi ta kwarzuwa yana tartsatsi, madubin gefe ya fita, ƙarfe na kuka kan ƙarfe, har ta tsaya dab da bayan motar ƙarshe.

Ƙararrawar ba ta daina ba. Ya fito, ya fizge ƙofar baya ta hagu ya jawo 'yarsa. Ƙwai ya ɓata mata riga, ban da haka ko ƙwarzane babu. Ya rungume ta yana kuka a gaban mutane, bai damu da wanda ya gani ba.

A nan ne ya lura ƙararrawar ta yi shiru. Injin na aiki, bel ɗin a buɗe yake, amma jar fitilar ta mutu. Tun da ya kuɓutar da yarinyar ta ƙofar nan, kujerar ta daina nuna akwai kowa a kanta, kamar wanda ya daɗe zaune a wurin shi ma ya samu hanyar fita.

Da mai motar janwe ya iso, ya zagaya ta yana girgiza kai don tausayin fenti, sannan ya kai hannu zai tura ƙofar bayan.

"Bar ta a buɗe," in ji mai kemis.

"Ranka ya daɗe, a haka zan ja ta?"

"A haka. Kada ka rufe."

Ya saɓa Auta a kafaɗa, ya juya wa motar baya, suka bi gefen titi a ƙasa.