Sunan da Aka Ba Talle Ajiya

Duk wanda ya san Talle mahauci a mayankar Agege ya san shi da kai mai riƙo. A da, mace za ta sayi nama wurinsa sau ɗaya, in ta dawo bayan wata guda tun daga nesa zai fara yanka mata irin wanda take so, har ya tambaye ta jikin yaron da ta ce yana tari. Wannan kafin ya sayi babbar waya ke nan. Yana da ƙaramarsa ta kira mai tocila, sai ya ƙara da wata mai faɗin fuska don kallo, tun daga nan muka rasa rabin Talle.

Kada a ɗauki alhakinsa, ba mugun abu yake kallo ba. 'Yan barkwanci ne da dambe da wa'azi guntu-guntu, wannan na ƙarewa ya shafa wani ya fito. Jikin sikeli yake jingine ta yana sara yana kallo, da ita yake cin abinci, da ita yake kwanciya. Sannu a hankali abubuwa suka fara zube masa. A ce masa hanta ya ɗaure tumbi, ya shiga motar haya ta danfo ya wuce inda zai sauka, a sallah ya rasa raka'ar da yake. Wata nas daga Idi-Araba da ta daɗe tana sayen nama wurinsa ta taɓa gaya masa cewa ƙwaƙwalwa ba ta ajiye abin da mutum ya ji da rabin hankali, kuma sai an yi barci take shirya abin da ta tara, shi kuwa ya hana ta duka biyun. Ya yi dariya ya ce gajiya ce kawai, ya ƙara mata gyara.

Yayansa Zubair ne ya riƙe shi tun rasuwar uwarsu, shi ya kawo shi Legas ya koya masa fawa. Zubair fataucin shanu yake yi, yana can arewa matarsa Asama'u ta haifa masa ɗansa na fari a nan Legas. Ya kira ya ce ba zai samu suna ba, zai shiga kasuwannin ƙauye inda waya ba ta kamawa, don haka Talle ne wakilinsa. Ya faɗa masa inda rago yake da wanda za a sayi goro wurinsa, sannan ya faɗi sunan. Kamar yadda mutanenmu suka saba, ko mai jego bai gaya wa ba, Talle kaɗai zai raɗa wa liman. Ƙaramar wayar tana maƙale a kafaɗar Talle, idanunsa suna kan babbar, wani ɗan dambe yana shirin kai wani ƙasa. Ya ce, “To Yaya, to. Allah ya raya.”

Ranar suna da sassafe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mahauta da fatake suka cika layin. Aka raba goro da dabino. Liman ya karkato kunne, Talle ya buɗe baki, sai ya tarar babu komai. Ya tuna ragon, ya tuna mai goro, har jan wandon ɗan damben nan ya tuna, amma sunan ya tafi. Ya ce a yi masa uzuri, ya zagaya bayan gida ya yi ta kiran Zubair, wayar ba ta shiga. Ya aika ciki a tambayi Asama'u, ta ce ai shi aka ba amana.

Wallahi ya ba ni tausayi da ya dawo, gumi har ya jiƙa masa wuyan riga. Da ya ce ya manta, da an ɗaga sunan. Amma mutane suna ta duba agogo za su kasuwa, kuma da wane baki zai faɗi haka a gaban waɗanda suka san abin da Zubair ya yi masa? Sai ya yi lissafi a ransa, ɗan fari ne, namiji, ai ba zai wuce sunan mahaifinsu ba. Ya sunkuya ya raɗa wa liman Isiyaku. Aka shafa fatiha, aka sanar, aka yanka rago da wannan sunan. Talle da kansa ya feɗe shi.

Da Zubair ya sauko daga tirela ya shiga gida, Asama'u ta miƙa masa jariri ta ce ga mai sunan Baba. Ya daɗe yana kallon yaron, sannan ya sa aka kira Talle. Talle bai jira tambaya ba, ya durƙusa ya faɗi yadda aka yi, ya ce in ana iya canzawa shi zai sayi wani ragon. Zubair ya ce an riga an yanka, an ci, kuma sunan Baba ba abin gudu ba ne.

“Ba faɗa zan yi maka ba,” in ji shi. “Sunanka na sa masa. Tun da Inna ta rasu aka liƙa maka Talle, ba wanda ya ƙara kiranka da na yanka. Na so in riƙa jin sa a gidana. Da ka ce min to kawai, na ɗauka kunya ce ta hana ka magana.”

Talle ya kasa ɗaga kai, hawaye na zuba masa a gwiwa. Can ya ce, “Yaya, sake faɗa min. Yanzu ina ji.”

“Abdulgani,” in ji Zubair.

Talle ya ce, “Na'am.”